Mai Lamba Ashirin da Uku

Ruwa ya kwana yana dukan kwanon Agege,
da safe filin bayan layin dogo ya koma fadama.
Muka zuba garin katako buhu biyu a bakin raga,
Kamilu ya ja layi da tokar gidan burodi.
'Yan Mushin suka sauko daga danfo ɗaya,
su goma sha takwas, har da mai ganga.

Koci Gambo ya tara mu a gindin gada.
Ya ce, "Wannan wasan share fage ne.
Ba maki, ba kofi, ba ko kwalbar lemo.
Wanda ya kai ƙafa inda ba a aike ta ba,
shi da mai ɗori, ba ruwana.
Kun manta Tasi'u?"

Ina za mu manta.
Bara war haka ya bi ƙwallon da ta riga ta fita,
muka ji ƙas, kamar an karya rake.
Yanzu yana sayar da cajar waya a Oshodi,
in zai taka, sai ƙafar hagu ta yi shawara tukuna.

Alhaji Mudi, mai saya mana riguna,
ya doka sandarsa cikin taɓo:
"Ba a fafe gora ranar tafiya!
Ƙafar da ta saba ja da baya a wasan banza,
ranar gaske ma ta san hanya."
Suka yi ta ja, wannan na tsoron karaya, wancan na tsoron kunya,
har jirgin ƙasa ya zo ya haɗiye rabin gardamar.

Ni ban ce uffan ba.
Wa ke tambayar mai lamba ashirin da uku?
Shekarata talatin da huɗu, gwiwata na kuka kamar ƙofar shago.
Ni ke wankin riguna ran Litinin,
ni ke ɗauko ruwan leda a ka.
In gasa ta kankama, benci ne gidana,
har katakon ya lotsa daidai mazaunina.
Sai rana irin ta yau,
da ake lallaɓa gwanaye kamar ƙwai a faranti,
ake waiwayowa a ce, "Sha'aibu, tashi ka motsa jini."

To, ku kira shi share fage.
Ni dai nan ne fagena.

Na shiga saura minti ashirin.
Wanda aka sa ya tsare ni yaro ne siriri,
takalminsa ɗaya ja, ɗaya baƙi,
Rasaki suke kiransa, gwaji ya zo.
Muka haɗa ido, muka gane juna:
duk filin nan mu biyu ne ke jin yunwa.
Ya bi ni kamar mai bin bashi,
na kai shi ƙasa, ya kai ni ƙasa,
muka sha ruwan kwata ba bismilla.

Sai ga wata ƙwallo daga kusurwa,
ta zo a karkace, ba ta nufi kowa ba.
Na so sa kai, ta daki kafaɗata,
ta gangara a hankali kamar tsohuwa mai zuwa unguwa,
ta tsaya cikin garin katako, taƙi ɗaya bayan layi.

Ba wanda ya rubuta.
Gambo na duba waya, Alhaji na sayen gyaɗa.
Amma Rumasa'u, 'yata, tana bisa katanga,
ta kurma ihun da ya tashi tantabarun kasuwa.

An tashi ɗaya da ɗaya, ko biyu da ɗaya,
har yau ana musu a wurin mai shayi.

Ran Litinin na jiƙa riguna ashirin da biyu.
Ta ƙarshen na ɗaga ta, na dubi taɓon kafaɗa,
na rataye ta haka nan a bayan ƙofa.
Sabulu ma ya yi tsada.