Ƙarƙashin Kogin Detroit

Ƙarfe biyar na asuba na tayar da mota,
ta yi tari sau uku irin nawa, sannan ta yarda.
Lavonne na barci. Na leƙa firji:
kwalbar insulin ɗaya, ita ma ana hango gindinta.
Tun Talata take rage allura,
wai ba ta jin yunwa.
Shekara talatin da ɗaya muna tare,
na san ƙaryarta tun kafin ta buɗe baki.

Ƙuruciyata ta ƙare a ɗaura wa motoci ƙofa.
Na fito da kafaɗa ɗaya mai aiki
da takardar inshora mai ƙananan rubutu,
laima ce da ke rufe ko'ina
ban da inda ruwa ke dukanka.

Hanyar Windsor ta ƙarƙashin kogi ta bi.
Ruwa a samanka, jirage a saman ruwan,
kai kana rarrafe cikin hayaƙi kamar gafiya.
A tsakiyar ramin akwai tutoci biyu a bango.
Daidai nan kuɗin ran matata ke faɗowa
daga dala ɗari uku
zuwa talatin da 'yan kai.

Misis Dhaliwal mai kantin magani ba ta nemi dogon bayani ba,
ta hango lambar motata ta taga.
Kamfani ɗaya, kwali ɗaya, har launin murfin.
Ta jera shida a kular da nake zuwa kamun kifi da ita,
ta ƙara ƙanƙara,
ta ce in gaida mai jiki.

A dawowa layi ya miƙe,
gabana na faɗuwa kamar na sato abin da na biya.
Jami'in yaro ne, bai kai autanmu ba.
"Me ka sayo?"
Na buɗe kula. Ya ƙirga da ido.
Sai na lura da yatsunsa:
kan kowanne da ɗige-ɗigen baƙi,
irin na Lavonne, inda tsinin allura ke sha kullum.
Ya daɗe a kan rasit.
Ya miƙo fasfo, ya sassauta murya:
"Suna buɗewa ran Lahadi?"

A gida ta jera su kusa da man shanu,
tana taɓa kowacce da ɗan yatsa.
"Za su kai mu Afrilu," in ji ta.
Sannan ta leƙa waje,
ta ce motar nan tana ɗigar da mai.