Takalmin Hagu

An ce Sallau ƙiriniya ce,
an ce iska, an ce sangarta.
Na sayi rubutu, na sayi turare,
na karya tsumagiya uku a bayansa.
Allah Ya yafe mini ukun nan.

Malamin lekol ya rubuto:
"Gangar jiki na aji, hankali na Binuwai."
Bai yi ƙarya ba.
Yaron zai ƙirga maka dorinar ƙarƙashin gada,
har wadda ta yi hamma,
amma takalminsa na hagu
tun Laraba muke nema.

Mu uku a babur ɗaya, sai asibitin Garwa.
Dakta Jenabu ba ta ɗauki allura ba.
Tambaya kawai,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa:
Tun yaushe? Har a gida, ko a lekol kaɗai?
Yana barci? Kunne fa? Yana ganin allo?
Ta ba da takarda malam ya cike.
Muka dawo. Muka sake dawowa.

A zuwa na uku ta karanto:
Yakan fara abu ya bari?
Yakan yar da abin hannunsa?
Yakan tsinke wa mutane zance?
Sai na ga Ladidi ta daina kallon yaron.
Ni take kallo.

Riguna bakwai ke rataye a shagona,
wata ba wuya, wata ba aljihu.
Shekara arba'in ana ce mini shiririta,
ni ma na yarda sunana ke nan.

Dakta ta ce abin yana da suna,
ba rashin tarbiyya ba, ba aljani ba,
kuma yakan bi jini.
Na fassara wa kaina da yaren tela:
keke lafiya lau, ƙarfi kamar doki,
zare ne ke tsallake ƙofarsa.

Ta ce: aike ɗaya a lokaci ɗaya.
Bencin gaba, nesa da taga.
In ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi, a ba shi goge allo.
Ku kama shi yana daidai, ku faɗa da ƙarfi.
Ƙwaya kuwa sai daga Yawunde,
da tsada, ba kullum ake samu ba;
in an fara, a riƙa auna shi,
don takan rage cin tuwo.

Yanzu bayan la'asar yana gefena,
yana ware maɓallai: baƙi nan, fari can.
Jiya ya kai minti goma bai tashi ba.
Ni kuma na gama wuyan rigar Alhaji Barmo.

Takalmin?
Yana ƙarƙashin yadi a shagona.
Ni na ɗauko in ɗinke maɗaurin,
na manta.