Ambulan Ruwan Ƙasa

Tun daga Kabuga na hango ka, Nafi'u,
ka rungume ambulan ruwan ƙasa a ƙirji
kamar wanda aka miƙa wa jinjiri,
masu adaidaita na kira, kai kana ta waiwaye.

Ban tambaya ko baƙo ne kai ba.
Takalminka ya gaya mini,
sabo fil, yana cizon dunduniya.

Taho mu je. Layin rajista na can bayan masallaci.
In sun ce hoto huɗu, ka tanadi takwas.
Wanda ya ce maka "dawo gobe"
ba ƙin ka yake yi ba;
ni gobe shida na ƙirga
kafin hatimi ya sauka a takardata.

Lakcar ƙarfe takwas, bakwai ta same ka a zaure.
Na baya ba ya jin malam,
sai tarin maƙwabci da kukan fanka.
Nan babu mai kaɗa maka ƙararrawa,
babu mai tsayuwa da bulala a ƙofa.
'Yancin da ka ji ana yabo
wuƙa ce marar ƙota,
ka san inda za ka kama.

Za ka ji masu zuba Turanci kamar famfo,
harshenka ya yi maka nauyi.
Ɗaga hannu duk da haka.
Rabin masu dariyar ma amsar suke jira.

Kuɗin guzuri, kasa shi uku.
Mudi mai shayi yana ba da bashi,
amma fa littafinsa ba ya mantuwa.

Daren da kewar Kazaure ta taso maka,
kada ka ja bargo ka yi shiru.
Ɗakina na sama, na ƙarshe a hagu,
akwai garin kwaki, akwai ƙuli.

A'a, riƙe godiyarka.
Shekara huɗu ke nan, a gindin darbejiyar can,
na tsaya da irin ambulan ɗinka, gumi na jiƙa ta.
Wata Barira ta ara mini biro,
ta raka ni har ƙofar ofis, ta juya.
Ban sake ganinta ba.

Biron na nan a aljihuna, tawada ta ƙare.
Baɗi war haka, ka riƙa duba ƙafafun mutane.