Muryar Baya

A Fagge, bayan la'asar, in rana ta sassauta,
benci uku ne a ƙofar shagon Sha'aibu mai gyaran rediyo.
Nawa shi ne na ƙarshe, mai gurguwar ƙafa,
wanda aka tokare da mataccen batirin mota.
Nan ake gardamar da ba ta tsufa.

Sha'aibu ya ce, "Kiɗa ya mutu ran da aka daina faifai.
Ku kun san sol? Kun ga Sabon Gari a daren Asabar?
Ƙaho uku, jita biyu,
mai ganga sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya,
suma tsaye kamar kwandon kaji,
wando mai faɗin baki yana share titi kyauta.
Mawaƙi ya buɗe baki, ka ji haƙarƙarinka ya amsa.
Ba injin da ke gyara wa mutum maƙogwaro."

Gambo ya ja tsaki, ya tura hula gaban goshi.
Shekara goma sha tara ya yi yana sayar da kaset a Ƙofar Wambai.
"Faifanku na masu hali ne, Malam.
Kaset ne ya shiga zaure, ya shiga shagon tela,
ya hau motar Wudil ba a karɓi kuɗinsa ba.
Zare ya harɗe, biro ɗaya ya isa;
ya tsinke, a ɗiga masa jan farce.
Waƙar da talaka zai iya yi wa ɗori, ita ce waƙa."

Sai Mu'azzam, ɗan ƙanen Gambo, ya zare igiya ɗaya daga kunne:
"Waƙa dubu huɗu ce a aljihuna yanzu haka.
Ku kuwa sai kun jira mai rediyo ya ga dama."
Sha'aibu ya ce, "Dubu huɗu? Rera mana guda."
Yaro ya buɗe baki, ya rufe,
ya koma latsa waya.
Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara.

Don ya kashe bakin kowa, Sha'aibu ya shiga ciki,
ya fito rungume da garmaho kamar jinjiri,
ya hure allura, ya goge faifai da hannun riga.
Ƙas... ƙas... sai ƙaho ya tashi.
Namiji yana rerawa, can bayansa wata siririyar murya
tana bin sa kamar zare a gindin allura.

Inna Tabawa, mai ƙosai a bakin kwalbati,
wadda muka shekara muna cin bashinta
ba wanda ya taɓa tambayar inda ta fito,
ta tsaya da matsami a sama, mai yana ɗiga.

Ta ce, "Ku saurara, nan mai ganga zai makara."
Ya makara.
"Zazzaɓi yake yi ran nan.
Sau bakwai muka maimaita, ba mu karya ba tun safe.
Naira biyu aka ba ni, da lemon kwalba mai ɗumi.
Sunana kuwa, ku duba bayan kwalin,
in kun gan shi ku kira ni."

Sha'aibu ya juya kwali.
Ya sa tabarau. Ya sake juyawa.

Gambo ne ya iya magana:
"To Inna, ke za ki raba mu. Wane zamani ya fi?"
Ta tsame ƙosai biyar, ta jefa sabo.
"Wanda ya biya. Ban gan shi ba tukuna.
Kai ma da ɗari bakwai a kanka tun Talata."

Mu'azzam ya cire ɗaya igiyar.
Ya ce, "Baba, a maido daga farko."
Allura ta sauka. Inna ba ta ɗago ba,
amma a ƙarƙashin ƙarar mai na ji ta
tana bin yarinyar cikin faifai,
ƙasa-ƙasa, a dushe,
kamar uwa mai raka 'ya bakin ƙofa.

Aka kira magariba, Sha'aibu ya ɗaga allura.
Ni dai na laluba aljihu,
na biya nawa kafin in ɗauki buta.