Gwangwanayen Mma Azumi

Kwana arba'in da tafiyar Mma Azumi,
ruwa ya sauko a kan kwanukan Aboabo,
irin ruwan Kumasi da ba ya sallama,
ya kwana, ya yini, ya ajiye mura a ƙofar kowa.
Tawa ta same ni a ɗakinta
ina neman robar tarar yoyo.

Ga su nan jere a kan kanta,
gwangwanayen madara goma sha ɗaya,
ko guda ba a rubuta wa suna ba.
Ita da ba ta taɓa riƙe biro ba,
da hanci take karatu.

Ni mai gyaran waya ne a Kejetiya.
Kawo wadda ta faɗa kwata, in tashe ta kafin la'asar.
Yau ga ni durƙushe gaban murfi mai tsatsa,
ban san ko bihim ba.

Na buɗe na farko, sai atishawa: citta ce.
Na biyu kanumfari,
wanda take cusa mini a kogon haƙori
tana faɗan alawar da nake sha a ɓoye.
Kimba na gane ta da ƙaurin hayaƙi,
zoɓo ya rina mini yatsa.
Darbejiya ta bushe ta koɗe
amma ɗacinta bai tsufa ba.
Na tuna bargo, da tukunya mai tururi,
ni a ciki ina kururuwa,
ita a waje ta take bakin bargon da ƙafa
tana jan carbi abinta.

To ma'auni fa?
"Yatsu uku," haka take cewa.
Yatsunta ke nan, sirara kamar tsinken tsintsiya.
Nawa ukun sun ɗebo abin da zai ishi layinmu duka.
Na tafasa, na kurɓa,
hawaye ya zubo.
Na ce laifin citta ne.

Mami Konadu ta ji tarina ta bayan katanga.
Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba,
Tonancin Mma bai wuce ciniki ba,
amma shekara talatin suna miƙa wa juna ta saman bulo,
wannan kimba, waccan firekese.
Ta shigo zaninta a jiƙe,
ta sansana kofina, ta kama ƙugu tana dariya,
ta zubar da rabi, ta ƙara ruwa,
ta matse lemun tsami, ta ɗiga zuma,
ta tsaya a kaina sai da na ga gindin kofi.

Na nuna mata na goma sha ɗaya:
wani ɓawo mai launin toka, ba ƙamshi, ba wari.
Ta juya shi, ta juya shi,
ta girgiza kai, ta mayar, ta danne murfin da kanta.

Na tuna dokar mai gwangwanaye:
"Shayi na mura ne da kumburin ciki.
Zazzaɓin da ya ƙi tafiya,
ɗauki katinka ka hau tirotiro.
Ganye ba ya fushi don ka ga likita,
kuma abin da ba ka sani ba, bakinka ba wurin gwajinsa ba ne."

Da gari ya waye hancina ya buɗe.
Na ɗauko salatif ɗin da nake manna wa wayoyin mutane,
na bi su ɗaya bayan ɗaya da suna.
Na ƙarshen na bar shi fari.

Jiya da dare Sakina ta fara tari.
Na ɗora tukunya, na buɗe citta,
na miƙa hannu, na fasa.
Na ce, zo nan, 'yar shekara tara,
ara mini yatsunki uku.