Ƙwaryar Kwarfa

Mu huɗu muka bar Maraɗi ran Alhamis,
babur biyu, buhun gawayi, tabarmi a naɗe.
Ni na goya Sanda, Illo ya goya Nomau,
don kaka biyu ke nan ba sa ga-maciji
a kan buhu tara na riɗi
da kuɗin da suka tafi ba su dawo ba.

A bakin Madarumfa ruwa ya ci gonaki,
karan dawa tsaye cikinsa har wuya.
Tsoho Ɗan Tambai ya ba mu hayar kwalekwale,
ya shafa cikinsa kamar mai sallamar jaki:
"Yana yoyo kaɗan, duk mai shekaru haka yake."
Ya miƙo filafili biyu da ƙwarya mai ɗinki.

Ba a fafe gora ranar tafiya,
mu kuwa ranar muka koyi tuƙi.
Muka yi ta juyi wuri guda kamar dutsen niƙa,
yaran masunta na riƙe ciki don dariya,
zalɓe ma ya sauke ƙafa ya dube mu.

Daren farko, kan tudu, gindin kuka.
Shayi ya tafasa sau uku,
sauro ya karɓi jangalinsa bai bar kowa ba.
Illo ya ɗaga waya sama yana farautar rezo,
ya gaji, ya cusa ta cikin takalmi.
Sanda ya shimfiɗa gabas, Nomau yamma,
ni a tsakiya, katangar da ke tari.

Da asuba hazon ruwa ya haɗiye gaɓa.
Muka ratsa bado, furanni ba su farka ba,
kirinjijiya suka tashi da fito bisa kanmu.
Wata mai wanki ta sayar mana da tarwaɗa biyu,
muka gasa da gishiri da garin ƙuli,
muka ci har ƙaya, shiru kamar masu laifi.

La'asar ta biyu iska ta juyo daga kudu.
Wani kututture da ke kwance a ɓoye
ya sumbaci katako, ɗinkin ya buɗe baki.
Ruwa ya kai idon sawu, ya nufi ƙwauri,
sukari ya narke, burodi ya yi iyo.
Ni da Illo muna tuƙi, gaɓa na ja da baya.

Nomau ya tuɓe rigarsa ta shadda,
wadda ya ɗinka don sunan ɗansa,
ya danna cikin ɓarakar, ya taka da diddige.
Sanda ya ɗauki ƙwarya.
Kwarfa, zuba. Kwarfa, zuba.
Da hannunsa ya mutu, bai ce komai ba,
ya miƙa, wancan ya karɓa.
Ƙwarya ɗaya, hannu huɗu,
har cikin jirgi ya gurji yashi.

Daren nan gawayi ya jiƙe, babu wuta.
Muka jiƙa garin rogo, muka jingina da juna,
kwaɗi na ta musu a kan abin da bai shafe mu ba.
Kaza da 'ya'yanta suka fito kiwo a sama,
suka sake fitowa a cikin ruwa.
Can cikin duhu na ji Sanda:
"Buhu bakwai ne, ba tara ba."
Nomau ya ce, "Takwas."
Dariyar Illo ta tashi tsuntsayen kuka.

Ran Lahadi muka mai da jirgi.
Ɗan Tambai ya zaro shaddar, ya matse,
ya duba ta a rana, ya ce ladan gyara ne.

Ban san ko an biya kuɗin riɗi ba,
ban kuma tambaya ba.
Na dai san a hanyar komawa
babur ɗina Illo ya hau,
ɗayan yana gabanmu, yana kauce wa ramuka,
mai tuƙi ba riga,
na baya riƙe da ƙugunsa,
da ƙwaryar tsoho da muka manta ba mu mayar ba.