Kan Hanyar Filin Jirgi, Yamai

Da asuba nakan zagaya taksin Alhaji Sidiku
kamar yadda aka koya mini zagaya jirgi:
in taɓa taya, in duba mai, in leƙa ƙarƙashi.
Yaran tasha na dariya: "Kyaftin zai tashi!"

Awa ɗari biyu da sha ɗaya ke cikin littafina.
Gonar albasar Inna ta Tawa ce ta koma awoyin nan.
Ba ta taɓa yi mini gori ba. In ta kira,
sai dai, "Harisu, ka ci abinci?"

Kamfani ya rufe.
Jirage biyu na kwance bayan shinge, an toshe musu baki.
Farar rigata na cikin leda, duk wata sai na goge ta.

Jiya na sauke fasinja a Talaje,
na ga shamuwa ta dawo kan gawo.
Wata bakwai ba ta nan, ba ta ɓata hanya ba.

Na kashe mota, na saurari iskar gabas,
na ƙiyasta ƙarfinta. Hannuna bai manta ba.
Wani ya ƙwanƙwasa gilashi: "Wadata, nawa?"
Na ce, "Shigo. Ɗaura bel."